Yadda Ake Haɗa Takin Ciyawa da Sharar Gida Ba Tare da Wari Ya Dami Maƙwabta Ba

Tsibin takin da na fara haɗawa a bayan gidanmu a Zariya cikin watan Agusta ne, lokacin da ruwa ke sauka kusan kullum. Yaron da ya yanke mana ciyawar bayan gida ya tara ta wuri guda a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabci, ni kuma na kawo babbar leda na lulluɓe don kada ruwa ya shiga. A kwana na huɗu dattijon da muke katanga ɗaya da shi ya yi sallama bayan la'asar. Muka gaisa, ya yi jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, ka leƙa bayan gidanka, ina jin wata dabba ce ta mutu a can. Tun jiya iyali ba su iya zaman tsakar gida ba." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, yanzu zan duba." Da na yaye ledar sai na tarar ciyawar ta koma baƙa, tana yauƙi kamar miyar karkashi, wani baƙin ruwa na tsiyaya daga gindinta. Na ji nauyin dattijon nan ƙwarai, domin haƙƙinsa na shiga. Abin da zan zayyana a nan shi ne abin da na koya daga wannan rana zuwa yau.

Takin da aka haɗa daidai ba ya wari. In ka ji wari, tsibin ne ke gaya maka cewa ya rasa iska, ko ruwa ya yi masa yawa, ko ɗanyen kaya ya rinjayi busasshe. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ciyawa numfashi suke yi kamar ni da kai. Ɗanyar ciyawa kuwa kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne, ga sinadarin naitirojin da yawa, wato abincin shuka da ke sa ganye kore, ga ta da laushi. Da an tara ta sai ta danne kanta ta manne kamar tabarma, iska ta daina shiga, masu numfashin su mutu, wasu irin da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin. Waɗannan na biyun su ne masu wari.

Kayan da za ka tanada

- Shebur da fartanya. In ka samu babban cokali mai yatsu irin na masu lambu, ya fi su duka sauƙin juya tsibi.
- Manjagara don baza ciyawa, da adda don sara kara.
- Kwando ko daro guda ɗaya wanda zai zama ma'auninka. Baro in akwai.
- Guntun rodi mai tsawon mita ɗaya. In babu, doguwar adda ta isa.
- Tsofaffin buhuna, tsohuwar tabarma ko zana, da fallen kwano ɗaya ko biyu don inuwa.
- Takalmin roba, safar hannu, da takunkumi ko ƙyallen ɗaure hanci.
- Busasshen kaya mai yawa: busasshen ganye, karan dawa ko gero ko masara, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, ƙaiƙayi, dusar katako, kwali.

1. Tara busasshen kaya tun rani

A nan yawancin mutane suke faɗuwa, tun ba su fara ba. A ƙasarmu ciyawa da busasshen ganye ba sa zuwa lokaci ɗaya. Ganye yana zuba daga hunturu zuwa bazara, mu share mu banka masa wuta da yamma, hayaƙi ya cika unguwa. Ciyawa kuma sai damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ko takarda ka bari a waje sai ta jiƙe. Mai son haɗa taki a Agusta ba tare da wari ba, a Fabrairu aikinsa yake farawa.

Ganyen darbejiya da na mangwaro da duk abin da tsintsiya ta kwaso, in dai babu leda da fasassun kwalabe, ka cusa a buhu ka ɗaure baki. Bayan kaka ka nemi kara ka sassara shi gajere-gajere, kamar tsawon tafin hannu. Ka jera buhunan a kan duwatsu ko bulo ƙarƙashin rumfa, kada su taɓa ƙasa, in ba haka ba gara za ta riga ka. Ni buhu goma zuwa goma sha biyu nake ajiyewa don ɗan filin bayan gida, kuma ban taɓa ganin sun yi yawa ba. Ranar da za ka buɗe su ka sa safar hannu ka zazzage a ƙasa tukuna, don kunama na son irin wannan wuri.

In damina ta same ka ba ka tara komai ba, kada ka fasa. Je wurin masu injin casar shinkafa ka nemi buntu, ko wurin kafintoci da 'yan katako ka nemi dusar katako, ko masu shaguna ka kwashi kwalaye ka yayyaga. Amma ka guji dusar katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa maganin gara. Ka kuma sani cewa buntu da ganyen mangwaro suna da taurin kai, ba sa ruɓewa da wuri. Amfaninsu shi ne buɗe wa iska hanya, kuma wannan ne abin da kake nema.

2. Zaɓi wuri

Wuri mai ɗan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, kuma ba ƙarƙashin indararo ba. Ka bar tazara tsakanin tsibin da katanga yadda mutum zai iya zagayawa. Ka kula da inda tagar maƙwabci da kicin ɗinsa suke, ka kuma tabbata ruwan da zai tsiyaya daga tsibin ba wajen rijiya zai gangara ba.

Mutane da yawa sun koyi haɗa taki a rami. Rami yana da kyau da rani, domin yana riƙe danshi lokacin da iskar hunturu ke busar da komai. Da damina kuwa rami kududdufi ne. Ciyawar da ta kwana biyu cikin ruwa ba abin da zai hana ta ɗoyi. Daga Yuni zuwa Satumba a doron ƙasa ake tsibi.

3. Shanya ciyawar kafin ka tara ta

Kada ka ɗauki ciyawa daga bakin lauje kai tsaye zuwa tsibi, kuma kada ka bar ta ta kwana a buhu ko a baro. Ciyawar da aka cusa a buhu da safe, kafin magariba ta ɗauki zafi ta fara tsami. Baza ta da manjagara, siririya, ta sha rana yini ɗaya ko biyu har ta yi yaushi launinta ya dishe. In hadari ya taso ka ja ta ƙarƙashin rumfa ka sake bazawa.

Ciyawar da injin yanka ya yanka, irin ta filayen makarantu da ofisoshi da gidajen da aka shuka kiri-kiri a harabarsu, ta fi ta lauje saurin mannewa, saboda an niƙe ta ƙanana. Ita ce ta fi buƙatar shanya da yawan busasshen kaya. Ka kuma tambayi mai wurin ko an yi feshin maganin ciyawa, don akwai magungunan da ba sa mutuwa a cikin taki, sai ka zuba wa tumatir ko wake ka ga ganyensu na nannaɗewa. Ƙarangiyar da ta yi 'ya'ya, da saiwar aya-aya da ta kiri-kiri, ka ware su gefe su bushe ƙayau, ko ka bar su gaba ɗaya.

4. Yi wa tsibin gindi

Shimfiɗa kara ko ƙananan rassa masu kauri kamar yatsa, ka gicciya su, tudunsu ya kai kamu ɗaya. Faɗin wurin ya zama mita ɗaya ta kowane gefe. Wannan gindi shi ke barin iska ta shiga ta ƙasa, ruwa kuma ya fita. A kansa ka zuba kwando biyu na buntu ko dusar katako, su shanye duk abin da zai tsiyayo daga sama.

5. Auna, ka cakuɗa, sannan ka ɗora

Ma'aunina shi ne kwando ɗaya na ciyawa, kwando biyu na busasshen ganye ko saran kara. In ciyawar jiƙaƙƙiya ce ko ta inji, kwando uku. In dusar katako ce kawai a hannunka, rabin kwando zuwa kwando ɗaya ya ishi kwandon ciyawa, don tana da ƙarfi sosai, in ta yi yawa tsibin zai yi sanyi ya ƙi ruɓewa.

Masana suna cewa a nemi kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a busasshen kaya, kashi 25 zuwa 30 a kan kashi ɗaya na naitirojin. Ciyawa ita kaɗai tana wajen 20 ko ƙasa da haka, busasshen ganye yana kai 50 ko fiye, dusar katako kuwa ɗaruruwa. Ba sai ka haddace wannan ba, kwandon zai yi maka lissafin.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cakuɗawa. Ana yawan koyar da jerawa hawa-hawa, ciyawa, ganye, ciyawa, ganye. Na gwada shekaru, kuma kullum in na zo juyawa sai in tarar kowane hawa na ciyawa ya zama faifai guda mai yauƙi, ganyen da ke samansa da ƙasansa kuma a bushe. Yanzu a ƙasa nake zuba su tare, in gauraya da fartanya kamar mai kwaɓa siminti da yashi, in wargaza duk curin ciyawar da na gani da hannu, sannan in ɗora. In kuma ka fi son hawa-hawan, kada kaurin ciyawar ya wuce yatsu uku. Bayan kowane kwando biyar ko shida ka watsa shebur ɗaya na ƙasar lambu ko tsohon taki. Kada ka hau tsibin ka tattake don ya zauna. Ka tsaya in ya kai ƙugu ko ƙirji.

Busasshen kashin awaki ko na tumaki yana tafiya lafiya da wannan haɗi. Kashin kaji kuwa ka yi hattara da shi: naitirojin ne a kan naitirojin. In za ka sa, kowane daro ɗaya na kashin kaji ka bi shi da daro uku na busasshen kaya, ban da wanda ka auna wa ciyawa.

6. Gwada ruwan da hannunka

Zura hannu cikin tsibin ka damƙo, ka matse da ƙarfi. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunka, ya yi yawa, ƙara busasshen kaya yanzu-yanzu. In ya wargaje kamar garin rogo, tafin hannunka bai ko yi laima ba, yayyafa ruwa. Daidai shi ne ya dunƙule, hannunka ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito da ƙyar, kamar tsumman da aka wanke aka matse sosai. Da damina da wuya ka buƙaci ƙara ruwa, wanda ke jikin ciyawar ya isa.

7. Sa masa hula

Lulluɓe tsibin gaba ɗaya, sama da gefe, da busasshen ganye ko buntu ko tsohon taki, kaurin yatsu huɗu zuwa kamu ɗaya, har ba a ganin kore ko kaɗan. Wannan hula tana tare ɗan warin da ke tasowa kafin ya kai hanci, tana kuma hana ƙuda samun wurin yin ƙwai. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu ma yana da kyau a nan, yana shanye wari.

A kan hular ka ɗora buhun algarara ko tsohuwar tabarma. Don kare ruwan sama, kafa sanduna huɗu ka ɗora fallen kwano ko leda a sama, da tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakaninsa da tsibin. Ledar da aka naɗe tsibi da ita har ƙasa aka danne da duwatsu, ita ce ta jawo mini sallamar dattijon nan.

8. Duba zafi, ka juya

Soka rodi har tsakiya ka bar shi minti goma. Zaro ka taɓa, ka kuma sansana. Daga kwana na biyu zuwa na uku ya kamata ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi na tsawon lokaci ba, wato wajen digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyos. Wannan zafin alheri ne, shi ke kashe yawancin irin ciyawa.

Juyi na farko a kwana na uku ko na huɗu, domin a kwanakin nan ne ciyawa ke cinye iskar da ke ciki da sauri. Na biyu bayan kwana huɗu ko biyar, daga nan mako-mako har zafin ya daina dawowa. Cire hular ka ajiye gefe, ka kwashe tsibin zuwa filin da ke kusa da shi, na waje ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito waje, kana girgiza kowane shebur. In ka gama ka mayar da hular. Ɗaure hancinka yayin juyi saboda ƙurar fumfuna, mai asma kuma ya bar wa wani wannan aiki.

Lokacin juyi ne ɗan wari ke fita ko da tsibin lafiya lau yake. Ni da hantsi nake yi, bayan yara sun tafi makaranta, ba da yamma ba da mutane ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ba kuma ranar da na ji ana suna ko biki a maƙwabta ba.

9. In wari ya taso, saurari hancinka

Warin ba iri ɗaya ba ne, maganinsa ma haka.

Zarni mai hawa kai, kamar na fitsari ko na kejin kaji, har ido ya yi yaji: wannan amoniya ce, iskar da naitirojin ke fita a cikinta, alamar ɗanyen kaya ya yi yawa. Abin takaicin shi ne ƙarfin takinka ne ke tafiya a iska. Baje tsibin, ka gauraya da busasshen kaya kamar rabin girmansa, ka sake tarawa, ka sa hula mai kauri. Cikin kwana ɗaya ko biyu zai lafa.

A nan ne nake roƙonka ka bar toka a murhu. Mun saba zuba toka a masai ta kashe wari, shi ya sa hannun kowa ke fara kaiwa gare ta. Amma toka 'yar'uwar kanwa ce, kuma in ta haɗu da tsibin da ke zarni sai ta ƙara korar naitirojin zuwa iska, zarnin ya ninka. Farar ƙasa ma haka take yi. Kananzir da ruwan wanke banɗaki kuwa kashe ƙananan halittun da ke aikin ruɓarwa suke yi gaba ɗaya, kuma abin da ka zuba a taki a lambunka zai ƙare.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na kwata: ruwa ya yi yawa, iska ta ƙare. Shi ne mafi muni. Kada ka tsaya a soka sanda kawai. Rushe tsibin duka, ka baza shi ya sha iska na 'yan sa'o'i, ka farfasa baƙaƙen faifan nan masu yauƙi ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da kara da buntu, sannan ka sake gini a kan sabon gindi. Ƙasar da baƙin ruwan ya jiƙa ka rufe ta da dusar katako ko busasshiyar ƙasa, don sau da yawa warin daga nan yake fitowa bayan an gyara tsibin. Kafin ka fara wannan aiki ka leƙa ka gaya wa maƙwabci cewa za a ji wari na ɗan lokaci, zuwa gobe ya wuce. Mutum yana jure abin da aka sanar da shi.

Tsami kamar na gasara da ta kwana biyu: iska ta fara ƙaranci, amma abin bai yi nisa ba. Juyi ɗaya da ɗan busasshen kaya ya isa. A wannan hali ne kawai nake barbaɗa toka, ita ma tafi ɗaya ko biyu.

Warin mushe, da ƙudaje masu kore: wani ya jefa abin da bai kamata ba. Tona ka cire. Nama, ƙashi, kan kifi, miya, mai, sauran tuwo, matacciyar kaza, kashin kare ko na kyanwa, duk ba su da wuri a wannan tsibi, ɓeraye ma suke kira. Ɓawon doya, na ayaba, na lemo da tsinken alayyafo ba laifi, amma a tona a binne su a tsakiya, kada a watsa a sama. Ka gaya wa yaran gida wannan tun ranar farko, in ba haka ba tsibinka zai zama jujin gida.

In ba ka da fili ko ƙarfin juyi

Ciyawa mai kyau da ba a yi wa feshi ba, tumaki da awaki sun fi taki cancantarta, kashinsu ya dawo maka daga baya. Wadda ta rage kana iya shanya ta ka shimfiɗa a gindin bishiya ko tsakanin kunya, kaurin yatsu biyu, kada ta taɓa jikin shukar. Ba ta wari a haka, don iska na ratsa ta. Ko ka haƙa ɗan rami a wurin da ruwa ba ya kwanciya, ka zuba ciyawa siririya ka mayar da ƙasa kamu ɗaya a kai, ka bar wurin sai shuka ta gaba. Mai ƙaramin gida yana iya amfani da tsohon duro, amma sai an huda shi sosai a gefe da gindi, an ɗora a kan bulo, kuma an riƙe ma'aunin nan na ɗaya da biyu. Duron da ba shi da huda ya fi leda muni.

Yadda za ka san ya nuna

In kana juyawa, wata biyu zuwa uku ya isa. In ba ka juyawa, ka ba shi wata shida. Tsibin Agusta yakan nuna a Nuwamba, daidai lokacin da masu lambu ke gyara fangali. Zai ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, ya yi baƙi-baƙi, rodi ya fito da sanyi, ƙamshinsa ya zama na ƙasa ranar ruwan farko. Guntayen kara da buntu da ba su gama ruɓewa ba ka tankaɗe su da rariya mai manyan ido, ka ajiye su zama hular tsibi na gaba.

Kafin ka kai shi gindin shuka, ɗebi tafi ɗaya mai danshi ka sa a ƙaramar leda ka ɗaure, ka ajiye a inuwa kwana uku. Kwance ka sansana. In ƙamshin ƙasa ne, ka kwashe. In ka ji tsami ko zarni, juya tsibin sau ɗaya, ka mayar da hula, ka ƙara masa mako biyu.